Baban amarya na son haɗa kayan ɗaki da hannunsa, uwargida ta ce atafau

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, na yi ritaya bara, ina zaune a Tudun Wadan Zariya. Tun ina saurayi nake sha'awar aikin kafinta, koyarwa ce ba ta bar ni ba. Da na ajiye aiki sai na gyara wani ɗaki kusa da zaure, na sayi zarto da guduma da injin huda da 'yan tarkace, na fara taɓawa. A watan Fabrairu na haɗa wa uwargida kabad na kicin, jikinsa MDF, wato allon garin katako da aka matse, ƙofofin kuma na katako. Lokacin kowa ya yaba. Yanzu da damina ta zauna, ƙofofi biyu sun ƙi rufuwa, ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke ta sunkuya har notin hinjinta ya fita, durowa sai an yi kokawa da ita, kantar da ake jera tukwane kuma ta lanƙwashe.

A watan Disamba za a ɗaura auren 'yata ta fari in Allah ya kai mu. Burina in haɗa mata gado da wadirob da madubi da hannuna. Ina so in ciri wani abu daga kuɗin sallamata in sayi babban injin yanka na tebur da injin goge katako, don a ganina rashin inji ne ya jawo wannan matsala. Uwargida ta ce atafau, ba za a kai mata 'ya gidan miji da kayan koyo ba, dangin ango su samu abin faɗa. Maganar ta ɓata mini rai, har hira ta ragu tsakaninmu. Ina neman shawara.

Baban Amarya, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Ka yi haƙuri da abin da zan fara faɗa. A kan gado da wadirob, Hajiya ta fi ka gaskiya. A kan inji kuwa, ka bar kuɗin sallamarka inda suke. Matsaloli huɗu ka lissafa, kuma babu ko ɗaya da injin yanka zai magance. Da a ce kana da shi a Fabrairu, da yau ƙofofin nan sun ƙi rufuwa kamar yadda suka ƙi, sai dai a ce an yanka su da sauri.

Katako ko bayan an sare shi an tsaga, bai daina shan ruwa ba. Yana ɗaukar danshi daga iska yana saki, gwargwadon yanayin inda aka ajiye shi. In ya sha ya kumbura, in ya saki ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Mu a Zariya muna tsakanin yanayi biyu da suka yi hannun riga. A tsakiyar hunturu danshin iska kan sauka zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka, a watan Agusta kuwa yakan kai kashi 80. Katakon da ya zauna a iska mai danshi kashi 20, ruwan jikinsa kan tsaya wajen kashi 4 zuwa 5, amma a kashi 80 yakan kai wajen kashi 16. Wannan tazara ta isa ta sa allo mai faɗin santimita 30 ya ƙaru da milimita 5 ko fiye. Kai ka haɗa ƙofofinka lokacin da iska ta busar da su ƙarau, kuma na tabbata ka yanka su cif-cif, don na san malaman makaranta ba sa son ganin giɓi. Damina ta zo, kowace ƙofa ta nemi wurin miƙewa ba ta samu ba, sai suka ci karo a tsakiya.

Kada ka ɗauki filen, abin fere katako, ka zabge su yanzu da fushi. Duk abin da ka cire a Agusta za ka gan shi a Janairu, giɓi ne da kyankyaso zai wuce ta ciki ba tare da ya sunkuya ba. Fara da notin saiti na jikin hinji, zan zo kansa. In bai isa ba, ka rage milimita 1 ko 2 a gefen da suke haɗuwa, sannan ka shafe wurin da banis ko fenti. Ka shafe saman ƙofar da ƙasanta ma, inda ido ba ya kaiwa, don ta kan bakin katako danshi ya fi shiga. Nan gaba, in kana aiki a hunturu ka bar giɓin milimita 3 zuwa 4 tsakanin ƙofofi, in a damina ne ka matse shi zuwa 2. Ko kuma ka hutar da kanka, ka yi ƙofa da filawud, wanda kusan ba ya motsi, tunda an jera ɓawonsa ne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance suna riƙe juna.

To juya wannan lissafin ka duba bikin. Katakon da za ka saya yanzu wajen 'yan katako, mafi yawansa daga kudu aka ɗauko shi, dazukan Edo da Ondo da Kuros Riba, kuma da ruwansa yake isowa, ya kuma zauna a rumfa cikin damina. Ka haɗa gado da shi a Satumba, a kai shi ɗakin amarya a Disamba daidai lokacin da hunturu ya kama. Kafin a gama cin gara, allon kan gadon ya tsage, mahaɗai sun saki, gadon yana ƙara in an zauna. Wannan shi ne abin da Hajiya ke hangowa, ko da ba da lissafin kashi take hangensa ba.

Ɗanyen katako ba ya ɓuya ga mai lura. Ya fi nauyi, in ka ɗora tafin hannu a kansa za ka ji sanyi, in ka sa zarto garinsa yana dunƙulewa maimakon ya watse. Akwai ƙaramar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako ta nuna ruwan jikinsa. In babu ita, sikeli ya isa: ka auna allo ɗaya, ka rubuta nauyin a jikinsa da fensir, ka sake aunawa duk mako. Ranar da nauyin ya daina sauka, ya bushe daidai da iskar wurin. Ajiyarsa kuma ba jingina shi a bango ba ce. A kwantar da shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa ƙananan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin allo da allo duk bayan rabin mita, a ɗora bulo a sama don kada ya murɗe, a shafa tsohon fenti a bakinsa biyu don kada ya tsage. In ka sayi katako a Nuwamba ka jera shi haka, zuwa Maris kana da abin da kuɗi ba ya saya a kasuwa.

Irin katakon ma abin dubawa ne. Maɗaci yana da kyau ga ƙafa da firam, ba ya yawan murɗewa, yana kuma karɓar banis. Loko gara ba ta sonsa, sai dai ƙurarsa tana damun hanci da fata. Obece da afara suna da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, amma ƙwaron nan mai huda katako yana zubo gari ya fi samunsu. Malaina ba ta da laifi in ta bushe, bushewar ce ke ɗaukar lokaci. A kasuwa kuwa duk katakon da ya yi ja-ja sunansa mahogani, don haka ka tafi da wanda ya sani. Ka kuma guji allon da ke da farin layi a gefe, ɓangaren da ke kusa da ɓawon bishiya ke nan, shi ne abincin ƙwari. Magina na da a cikin Birni, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, da azarar giginya suke rufi, don sun san gara ba ta cinta da sauƙi. Zaɓen abin aiki suke fara yi kafin su taɓa aikin. In za ka shafa maganin gara irin Solignum, ka shafa a baya da ƙafafu, ban da cikin kabad da ake ajiye abinci. Baƙin mai kuwa ka bar wa masu rufin kwano, ba na cikin ɗaki ba ne.

Ƙofar ƙarƙashin wurin wanke-wanke ciwonta daban. MDF garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse. Yana da santsi, yana shan fenti da kyau, amma yana da lahani biyu: in ruwa ya shige shi ya kumbura, ba ya komawa, kuma bakinsa ba ya riƙe noti. Ka sa farce ka danna inda notin ya fita. In yana marmashewa, wannan gefen ya mutu, ka cire shi ka sa filawud mai kaurin milimita 18. Ka duba fayif ɗin ma, don sau da yawa ɗigo ne kaɗan-kaɗan da ba a lura da shi ba. Ka kuma ɗaga kabad ɗin gaba ɗaya a kan ƙafafun roba kamar santimita 10, tunda kicin ɗin gidajenmu da ruwa ake wanke shi, ba a tambayar kabad ko yana so.

In kuwa allon da sauransa, ramin ne kawai ya buɗe, kada ka sa noti mafi girma, kada kuma ka buga ƙusa. Ka faɗaɗa ramin da bakin huda na milimita 8, ka feƙe guntun maɗaci daidai shi, ka shafa farin gam irin Top Bond ka cusa, ka bar shi ya kwana. Da safe ka yanke abin da ya fito, ka huda ƙaramin rami na milimita 2, sannan ka mayar da notin. Yanzu katako yake riƙe ba gari ba. Ana kuma sayar da wani faffaɗan ƙarfe na gyaran hinji mai ramuka da yawa, wanda ke kai noti inda allon bai lalace ba. Kuma ka riƙe wannan: duk notin da zai shiga MDF a fara huda masa rami, kada a kusanci ƙarshen allo da ƙasa da santimita 5, sannan juyin ƙarshe da hannu ake yinsa. Injin huda ba ya jin lokacin da noti ya kama, sai ya ci gaba da juyawa har ya cinye ramin.

Bari in daɗe kaɗan a kan hinji, don a nan ne yawancin kabad ɗin garin nan ke mutuwa. Hinjin da ake yayi, mai kofi da ke nutsewa a bayan ƙofa, yana da ƙa'idarsa. Kofin milimita 35 ne, kuma akwai bakin huda na musamman mai wannan faɗin. Zurfin ramin milimita 12 zuwa 13, tsakiyarsa wajen milimita 22 daga bakin ƙofa, kuma ana sa shi kamar santimita 10 daga sama da daga ƙasa. Da yake allon milimita 18 ne, abin da ya rage tsakaninka da fuskar ƙofa kaɗan ne, don haka ka naɗa tef a jikin bakin hudar inda za ka tsaya, ka kuma fara gwadawa a guntun allo. Hannun hinjin iri uku ne. Miƙaƙƙe na ƙofar da ke rufe gefen kabad gaba ɗaya, mai ɗan lanƙwasa na ƙofofi biyu da ke raba allo ɗaya a tsakiya, mai lanƙwasa sosai na ƙofar da ke shiga ciki. Mutane da yawa suna sayen wanda bai dace ba, su yi ta murza noti har su gaji, su ce kayan ne jabu. In za ka kasuwar Sabon Gari, cire tsohon ka sa a aljihu.

Saitin kuwa noti uku ne. Na gaba a kan hannun yana kai ƙofa hagu ko dama, na baya yana matso da ita ko ya nesanta ta daga jikin kabad, na jikin farantin da ke manne a allo yana ɗaga ta ko ya sauke ta. Rabin juyi ake yi a rufe a duba, ba a kwance su gaba ɗaya. Ƙofofinka biyu da suka ci karo, mai yiwuwa juyi ɗaya a notin gaba na kowanne hinji ya raba su. Yawan hinji kuma tsawo da nauyi ke yanke shi: ƙofar da ba ta wuce santimita 90 ba biyu sun isa, zuwa 160 uku, ƙofar wadirob mai mita 2 huɗu. In an manna mata madubi a ƙara ɗaya. Faɗin ƙofa kada ya wuce santimita 60, don faɗi ya fi tsawo wahalar da hinji.

Sunayen da suka yi fice a duniya su ne Blum na ƙasar Ostiriya da Hettich da Häfele na Jamus, amma buga suna a jikin ƙarfe ba wuya ba ne, don haka hannunka ya zama alƙali. Ka ɗauki biyu ka gwada nauyinsu. Ka riƙe kofin ka girgiza hannun, in yana kaɗawa ka ajiye. Ka buɗe ka rufe ka ji ko yana kamawa da ƙarfi. Mai kaurin ƙarfe ya fi tsada, amma araha ba ta ado, kuma kuɗin hinji a cikin kuɗin kabad gaba ɗaya ɗan kaɗan ne.

Durowa lissafi ce zalla, kuma nan ne ka fi kafintoci da yawa. Ƙarfen da take gudu a kai, mai ƙananan ƙwallaye a ciki, yana buƙatar rabin inci a kowane gefe, wato milimita 12.7. Ke nan akwatin durowar ya kasance ya gaza ramin da milimita 26. In ya gaza da 23 zai cije, in ya gaza da 30 zai riƙa zamewa. Ka cire durowar, akwai ɗan harshen roba baƙi a kowane gefe da ake dannawa, ka auna faɗin ramin a gaba ka auna a baya. Sannan ka auna kabad ɗin daga kusurwa zuwa kusurwa, ka sake ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, kabad ɗin ya karkace, kuma babu durowar da za ta yi tafiya daidai a cikinsa. Maganinsa allon baya: a daidaita kusurwa, a sa filawud mai milimita 6 a bayan, a ɗaure shi da noti zagaye. Mutane suna ɗaukar allon baya abin rufe tsiraici ne kawai, alhali shi ke hana akwatin duka karkacewa. Kada kuma a zuba wa ƙarfen man gyaɗa, ƙurar hunturu za ta manne ta zama laka.

Kantar tukwane ba ta da dogon bayani. MDF mai milimita 18 ba ya ɗaukar tukwane in tazarar ta wuce santimita 60, filawud yakan kai 80. Ka juya ta, ka manna mata sandar maɗaci mai faɗin santimita 4 a tsaye a bakin gaba, ko ka sa mata tokara a tsakiya.

Mu dawo kan inji. Injin yanka na tebur yakan ci wat 1,500 zuwa 2,000, kuma lokacin tashi yana jan ninkin haka ko fiye. Ƙaramin janareton gida ba zai tayar da shi ba, ke nan bayan inji sai babban janareto, bayan janareto sai mai. Ga shi kuma a cikin injinan kafinta babu wanda ya kai shi cin yatsa, yana kuma iya cillo katako baya da ƙarfi in allon ya matse zarton. Mutum shi kaɗai a ɗaki, ba wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya nuna masa, ga jikoki suna shiga da fita, ban ga dalili ba. Wajen 'yan katako akwai masu inji da ke tsagawa su goge maka a kan ɗan kuɗi kowane allo. Kai dai ka je da takarda. Allon filawud ko MDF ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato santimita 122 da 244. Ka zana shi a takarda, ka fitar da kowane yanki da awonsa, ka cire milimita 3 a kowane yanka don abin da zarto ke ci, ka tsaya a kan mai injin har ya gama.

Abin da ɗakin aikinka ke nema bai kai kuɗin inji ɗaya ba. Sikwaya ta ƙarfe mai kyau, wadda za ka gwada tun a shago: ka ja layi da ita a bakin allo, ka juya ta ka sake ja, in layukan biyu sun rabu ka mayar. Tef ɗin awo ɗaya tak da za ka riƙa amfani da shi daga farkon aiki zuwa ƙarshe, don tef biyu ba safai suke yarda da juna ba. Kilam huɗu na matse aiki, domin gam ba ya kamawa sai an matse. Cizal uku, milimita 6 da 12 da 25, da dutsen wasa su. Lebul na duba ko aiki ya karkace. Bakin huda na hinji. Sai teburin aiki mai nauyi da ba ya rawa, wanda shi ya kamata ya zama aikinka na gaba bayan gyaran kicin. In hannu ya faɗa nan da shekara, ka sayi ƙaramin injin yanka na hannu, ka riƙa jan sa a jikin miƙaƙƙen allo da ka matse da kilam. Abu ɗaya da nake roƙonka: kada wani ya ba ka shawarar ɗaura zarton katako a kan giranda, injin nan na yankan ƙarfe. Ana yi, kuma ana rasa hannu. Ka cire babbar riga kafin ka kunna kowane inji, ka sa abin rufe hanci in kana yanka ko goge MDF, ka kuma sa wa ɗakin kwaɗo.

Yanzu maganar gida, wadda ita ce ta sa ka rubuto. Kalmar “kayan koyo” ta yi maka zafi, kuma ba na cewa an faɗe ta yadda ya kamata. Amma ka duba inda Hajiya take tsaye. Ranar jere, kai kana waje cikin maza ana gaisawa. Ita da 'yan'uwanta da gwaggonnin amarya su ne a cikin ɗakin, dangin ango suna shigowa suna buɗe wadirob suna jan durowa, wata ma ta ƙwanƙwasa gado ta ji ƙararsa. In ƙofa ta ƙi rufuwa a ranar, ba a gabanka za a yi maganar ba, kuma 'yarka ce za ta zauna a gidan da maganar. Ga shi kullum Hajiya tana kokawa da durowar da ka haɗa kafin ta ɗauko cokali. Da hujja take magana.

Don haka kada ka sake tayar da zancen kayan ɗaki sai ka gyara kicin. Asabar biyu sun isa. In ta ja durowa ta zo salin-alin, ƙofa ta rufu ba a tokare ta da ƙafa ba, rabin gardamar ta ƙare ba tare da ka ce uffan ba. Sannan ka same ta ka ce ka bar gado da wadirob da madubi ga kafinta, kuma ita za ta zaɓi samfuri da launi. A tambayi amarya ma abin da take so. Tunda 'yar fari ce na san ba lallai ku zauna ku yi wannan maganar kai tsaye ba, sai a tura ƙanwarka ko ƙanwar uwarta ta jiyo.

Wannan bai fitar da hannunka daga ɗakin ba. Ka zaɓi abu biyu ƙanana da za ka iya yi ka sake yi in bai yi ba: kujera 'yar tsuguno ta maɗaci, da kantar takalma ko ta kayan ƙamshin girki da filawud. 'Yar tsuguno ba a yi mata kallon ƙurilla ranar jere, amma a kanta za ta zauna kullum. Katakonta ka nemi busasshe wajen tsohon kafinta, ko guntayen tsohuwar ƙofa ko tsohon gado da suka ga damina da hunturu da yawa. 

Wajen zaɓen kafinta kada ka tsaya kan abin da ya jera a bakin titi yana ƙyalli. Ka ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ka buɗe ƙofa ka ja durowa. Ku rubuta yarjejeniya: irin allo, kaurinsa, irin hinji da yawansa a kowace ƙofa. Allo da hinji ku je ku saya tare, ko ka saya ka kai. Kuɗin aiki a raba shi uku, kaso na ƙarshe sai an haɗa kaya a ɗaki. Ka ba shi ƙarshen Oktoba, kada ka gaya masa Disamba, ba a fafe gora ranar tafiya. Jikin wadirob da allon kan gado su zama filawud, firam da ƙafafu busasshen katako. Gadon a ɗaure shi da noti mai kwancewa ba ƙusa ba, in ƙafa 6 da 6 ne a sa masa sanda a tsakiya mai ƙafarta, kuma a sayi katifa tukuna a auna ta, a bar mata rarar santimita 2 a cikin gadon. Wadirob a yi shi gida-gida a haɗa a ɗakin amarya, a kuma ɗaure samansa a bango saboda yaran da za su zo in sha Allahu.

Ka kuma nemi izinin kafintan ka riƙa zuwa kana zama a shagonsa yayin da yake aikin. Wataƙila ma ka tarar ɗalibinka ne na da, amma a can shi ne malam, sai ka riƙe masa allo ka yi tambaya. Kafin ya yanka komai, ka aika a karɓo maka makullin gidan ango, ka je da tef ɗinka ka auna bangon da gado zai jingina, tsawon ɗaki daga ƙasa zuwa silin, faɗin ƙofar ɗaki, da kwanar da za a juya da kaya daga ƙofar gida zuwa ciki.